Littafin Alƙawura: Bayanan aikin zama tsakanin wakili da masu zaɓensa

9 ga Janairu

Kwamitin aiki ya zauna, mun tsayar da abin da za mu sa a gaba a bana. Zama ne tsakanin ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarmu da mutanen da suka zaɓe shi, duk bayan wata uku, a fili, kowa na iya shiga. Abin da zai bambanta shi da tarukan da aka saba gani shi ne littafi. Duk abin da wakili ya ce zai yi, za a rubuta shi da lafazinsa da kuma wa'adin da ya ɗiba, a karanta masa ya amince kafin ya tashi. Zama na gaba da wannan littafi za a buɗe shi, tun kafin a miƙa wa kowa lasifika.

An kai ruwa rana kan ko a gayyato wakilai da yawa lokaci guda. Ban goyi baya ba, kuma a ƙarshe aka bi nawa. In suka jeru a teburi ɗaya, kowa zai tura tambaya ga na kusa da shi, a tashi babu wanda ya ɗauki nauyin komai. Za mu fara da mutum ɗaya.

Sauran sharuɗɗan ba su da yawa: ba tutar jam'iyya, ba rabon komai, kuma babu ɗan kwamitin da zai karɓi ko sisi daga hannun wakili ko daga abokan hamayyarsa.

24 ga Janairu

Mun kai wasiƙar gayyata ofishin mazaɓa, muka tarar da shi a garƙame. Mai gadi ya ce sai majalisa ta tafi hutu ake buɗewa. Daga baya muka samu hadimin wakilin a waya, ya ba mu lokaci. Bai yi ɓoye-ɓoye ba: "To Malam, shi Honorabul me zai samu a ciki? Ku tara masa mutane su ci mutuncinsa, ku ɗauka a waya ku watsa?"

Tambayar ba ta banza ba ce, don haka na ba shi abin da aka gani a wasu wurare. A zaɓen shugaban ƙasar Benin na 2006, masana biyu, Leonard Wantchekon da Thomas Fujiwara, sun bibiyi wani gwaji inda 'yan takara suka yarda a wasu ƙauyuka a bar gangamin da aka saba, a maye gurbinsa da zaman tattaunawa kan manufofi. Siyasar ba-ni-in-ba-ka ta ragu a waɗannan ƙauyuka, fitowar masu jefa ƙuri'a kuma ba ta ragu ba. Ɗan takara ya fi cin moriyar zaman a inda ba shi da ƙarfi, amma a inda yake ganin gidansa ne ƙuri'unsa sun ɗan zube. Wannan ma na faɗa masa, ko da yake ba shi ne mai kujera ke son ji ba. A Saliyo kuwa, a zaɓen majalisa na 2012, ƙungiyar Search for Common Ground ta ɗauki muhawarar 'yan takara a bidiyo aka riƙa haskawa a ƙauyuka. Waɗanda suka ci zaɓe daga mazaɓun da aka yi muhawarar sun fi takwarorinsu zama da jama'a bayan sun hau kujera, sun kuma fi kashe kuɗin mazaɓa a kan ayyukan da ake iya gani.

Ya nemi a ba su tambayoyin tun kafin ranar. Mun ƙi, amma mun yarda za mu ba su batutuwan, domin ba ma so wakili ya fake da cewa bai zo da takardu ba. Mun kuma ɗauki alƙawarin cewa duk abin da za mu saki, cikakken zaman ne, ba gutsure ba.

7 ga Fabrairu

Mun fara ƙananan zama na share fage, rukuni-rukuni, don jin abin da mutane ke son tambaya. A nan aikin ya nuna ainihin wuyarsa. Mafi yawan abin da aka kawo buƙatun kai ne: aiki ga yaron da ya gama karatu, kuɗin magani, jari, wasiƙar neman alfarma. Ba mu kaɗai ba ne. Wani masani, Staffan Lindberg, da ya yi hira da 'yan majalisar Ghana, ya samu cewa matsin da ya fi damunsu daga mazaɓa shi ne na taimakon kai da kai da na ayyukan unguwa, yin doka da sa ido kan gwamnati suna can baya.

Ba na ganin laifin wanda ciwo ya kwantar masa da ɗa in ya nemi kuɗin magani wurin wanda ya ga yana da shi. Amma in zaman ya koma layin karɓa, an gama da shi, domin in baki ya ci ido kunya yake ji. Wanda aka biya wa kuɗin asibiti yau ba zai miƙe gobe ya tambayi dalilin da asibitin ba shi da magani ba.

Dabarar da muka samu ita ce mu juya buƙatar, ba mu kore ta ba. Wata dattijuwa ta zo da katin asibitin jikarta a naɗe cikin leda, ya yi laushi don yawan buɗewa, an rubuta mata magunguna an ce ta saya a waje. Ɗaya daga cikin matasanmu ya zauna kusa da ita ya ce, "Inna, in aka ba ki kuɗin na wannan wata, na watan gobe fa?" Suka yi ta magana har tambayarta ta koma: nawa aka ware wa magunguna a asibitin a kasafin bara, kuma wa ya duba ko sun iso? Wannan tambaya ce da ɗan majalisa ke da hurumin amsawa, domin shi ke amincewa da kasafi, kuma kwamitocin majalisa ke da ikon kiran jami'ai su yi bayani.

Mun kuma lura mutane da yawa ba sa raba aikin ɗan majalisa da na ɓangaren zartarwa. Ɗan majalisa ba ya ba da kwangila, ba ya ɗaukar malamai. Sai dai su ma 'yan majalisar suna da hannu a wannan ruɗani, tunda lokacin neman ƙuri'a hanya da rijiya suke alƙawari, ba ƙudiri ba. Buƙatun kai zalla mun ware musu akwati daban, za a miƙa wa ofishin wakili a rufe, ba za a karanta su a zaure ba.

21 ga Fabrairu

An samu zaure, babu hawa, mai keken guragu zai iya shiga. Ofishin wakili ya tayar da maganar tsaro, kuma ba mu ɗauke ta da wasa ba. A Birtaniya, inda zaman ɗan majalisa da mutanen mazaɓarsa ya daɗe da zama ruwan dare, an kashe 'yar majalisa Jo Cox a 2016 tana kan hanyar shiga irin wannan zama, aka kashe ɗan majalisa David Amess a 2021 yana tsakiyar nasa. Za a yi bincike a ƙofa. Abin da muka ƙi shi ne jami'an tsaro su tsaya a cikin zaure suna fuskantar masu tambaya.

8 ga Maris

An yi zama na farko. Wakili ya makara, amma ya zo, kuma ya zauna har ƙarshe.

Tun kafin a buɗe ƙofa sosai magoya bayansa suka cika layukan gaba. Hannayen da mai gabatarwa ke gani nasu ne, kuma tambayoyin farko duk iri ɗaya: dogon yabo, sannan "me ya ba ka wannan ƙwazo?" Sai da aka ci kusan rabin lokaci kafin lasifika ta isa baya.

Da ta isa, zaman ya canza. Wani malamin firamare ya miƙe, ya ɗaga wayarsa da hoton aji, rabin rufin babu, yara sun taru a ɓangaren da ke da inuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce an sa gyaran makarantar nan a kasafi. Mu dai ba mu ga ko buhun siminti ba." Wakili ya ce zai duba. Magatakardarmu, wata ɗaliba mai sanyin murya, ta ɗaga kai daga littafi ta ce, "Ranka ya daɗe, me zan rubuta? Wa za ka tambaya, kuma yaushe za mu ji?" Aka yi tsit, sannan aka fashe da dariya, har da shi. Ya yi shawara da hadiminsa, ya ce zai rubuta wa ma'aikatar ilimi, kuma zai kawo kwafin wasiƙar da amsarta a zama na gaba. Haka ta rubuta, ta karanta masa, ya sa hannu a gefe.

Daga nan sauran suka gane yadda abin yake. Dattijuwar nan ta yi tambayarta ba gargada, ta kira shi "ɗana", shi kuma ya amsa da "Inna". Ya ɗauki alƙawarin tayar da maganar magunguna a kwamitin lafiya, duk da cewa ba ya cikinsa, ta hanyar rubuta wa shugaban kwamitin. Akwai abubuwan da ya ce kai tsaye ba zai iya ba, kamar ɗaukar matasa aiki, kuma na fi ganin darajar wannan amsa a kan ya amsa da baki ya tafi. An rubuta su a matsayin "ya ce ba huruminsa ba ne".

15 ga Maris

Bitar zaman. Daga yanzu ba ɗaga hannu. Mai son tambaya zai rubuta sunansa a ƙofa, ko a rubuta masa, a jefa a akwati, a riƙa zarowa a gaban kowa. Akwati biyu, na mata da na maza, ana zarowa bi da bi, domin mata sun cika zauren amma 'yan kaɗan ne suka samu magana. Kowace tambaya minti biyu, mai yabo ma minti biyun ne.

Mun kafe shafin alƙawuran a allunan sanarwa, mun tura hotonsa ta WhatsApp, wani gidan rediyo kuma ya karanta shi kyauta.

4 ga Afrilu

Tsakanin zama da zama ne aikin yake, kuma ba shi da armashi. Muna bin takardu. Mun samu kasafin da aka amince da shi, gyaran makarantar na ciki, da adadin kuɗinsa. Amma sa abu a kasafi daban, sakin kuɗin daban, kammala aikin kuma daban. Mun rubuta wa ma'aikatar muna neman bayanin abin da aka saki. Ƙasashe da dama suna da dokar da ta ba ɗan ƙasa wannan dama: Indiya ta yi tata a 2005 da wa'adin kwana 30, Najeriya ta yi tata a 2011 da wa'adin kwana 7, Ghana ta bi sahu a 2019. Wa'adin da ke takarda dai bai hana a yi kunnen uwar shegu da mai tambaya ba. Namu ya wuce, shiru.

Wani abu da ya fi ba mu wuya shi ne sanin yadda wakilinmu ke jefa ƙuri'a a majalisa. Kundin zaman majalisa yana nuna wanda ya yi magana, amma yawancin ƙudurori da murya ake yanke su, masu cewa e su yi ihu, masu cewa a'a su yi ihu, shugaba ya buga guduma. Ba sunan kowa. Shafuka irin su Mzalendo a Kenya da TheyWorkForYou a Birtaniya suna tattara wa jama'a abin da ɗan majalisa ya faɗa da yadda ya tsaya, amma ko su sai abin da majalisa ta rubuta suke iya nunawa. Mun yanke shawara a zama na gaba za mu zaɓi ƙudurori biyu da suka shafi mutane, mu tambaye shi da bakinsa ina ya tsaya, a rubuta.

26 ga Afrilu

Wasu matasa sun zo da zafi, suna so kwamiti ya jagoranci yi wa wakili kiranye, tunda har yanzu ba a ga komai a makarantar ba. Mun zauna da su tsawon yamma.

Kiranye haƙƙi ne a inda tsarin mulki ya tanade shi, amma mutane ba su san tsayin katangar ba. A Najeriya sashe na 69 na tsarin mulkin 1999 yana buƙatar sa hannun fiye da rabin dukkan masu rajistar zaɓe na mazaɓar, a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Da aka gwada a kan Sanata Dino Melaye, tantancewar da hukumar zaɓe ta yi a 2018 ta tsaya a kusan kashi 5 cikin 100, maganar ta mutu a nan. Na ce musu ko da katangar gajeriya ce, ba aikin wannan kwamiti ba ne. Ranar da muka zama masu neman tsige shi, ranar zai daina zuwa, kuma yana da hujja. Mai son kiranye ya je ya yi da sunansa, littafin na nan a buɗe ga kowa, shi ma yana iya kafa hujja da shi. Biyu daga cikinsu sun karɓi aikin zuwa makarantar duk ƙarshen wata su ɗauko hoto daga wuri ɗaya, da kwanan wata a jiki.

14 ga Yuni

Ranar zama na biyu, wakili bai zo ba. Ana saura kwana ɗaya aka kira aka ce tafiya ta taso, hadimi zai wakilce shi. Mun gode wa hadimin, muka ba shi kujera a cikin jama'a. Ba raini ba ne, shi ba a zaɓe shi ba, kuma ba zai iya ɗaukar alƙawarin da za a kama wani da shi ba. An karanta littafin kamar yadda aka tsara, kowane alƙawari da abin da muka gano a kansa, aka tashi da wuri. Wasu sun so a ɗauki hoton kujerar da babu kowa a watsa. Mun hana. A sanarwarmu mun rubuta abin da ya faru kawai, da dalilin da ofishinsa ya bayar, da sabuwar ranar da muka nema.

5 ga Yuli

Ya zo, kuma wannan karon da fayil a hannu.

Magatakarda ta karanta alƙawari na farko. Ya zaro kwafin wasiƙarsa zuwa ma'aikatar ilimi, da hatimin karɓa, da amsar da aka ba shi. Amsar ta ce an saki wani kaso na kuɗin gyaran tun bara, an ba ɗan kwangila. Zauren ya ɗauki hayaniya, domin wannan ne karo na farko da mutane suka ji cewa kuɗi sun fita. Matasan nan suka nuna hotunansu na wata-wata, rufin yana nan yadda yake. Wakili ya kalli hotunan ya ce shi ma sai da amsar ta zo ya sani. Ko gaskiya ne ko a'a, yanzu maganar ta tashi daga "an ce" ta koma takarda mai lamba da kwanan wata. Sabon alƙawari: zai nemi kwamitin da ke sa ido kan ilimi ya kira jami'in da ya sa hannu a biyan.

Maganar magunguna kuwa bai yi ba. Ya fara kewaye-kewaye, sai dattijuwar ta ce daga inda take zaune, "Ɗana, ka ce ba ka yi ba mana, ai ba duka za mu yi maka ba." Ya ce bai yi ba. Aka rubuta, aka sa sabon wa'adi.

Kan ƙudurorin biyu, ya faɗi matsayinsa a ɗaya, ya kuma kare shi duk da cewa yawancin zauren ba su ji daɗi ba. A ɗayan ya ce jam'iyya ce ta ba da umarni. Wani ya tambaye shi ko jam'iyya ce ta jefa masa ƙuri'a. Mai gabatarwa ya bar tambayar ta tsaya, domin tambaya ce, ba zagi ba. Bai amsa ba, an rubuta bai amsa ba.

Tsarin akwati ya yi aiki. Masu yabo sun samu rabonsu daidai da kowa.

19 ga Yuli

Kwamiti ya zauna kan abin da ke gaba. Ba na so mu ruɗi kanmu da zama biyu. Har yau ba a kafa ko kwano ɗaya a makarantar ba. Kuma akwai abin da aka gani a Uganda da ya kamata mu riƙe: da aka riƙa raba wa jama'a sakamakon auna aikin kansilolin gunduma wanda ƙungiyar ACODE ke fitarwa, masana biyu, Guy Grossman da Kristin Michelitch, sun samu cewa kansilolin da suka ƙara ƙwazo su ne na mazaɓun da ake fafatawa sosai. Wanda ya san kujerarsa ba ta girgiza bai damu ba. Wakilinmu da ƙyar ya ci zaɓen da ya wuce, kuma ina zaton wannan na cikin abin da ya dawo da shi da fayil. Kafin mu ce tsarin ya yi, sai mun gwada shi da wanda ya ci da rata mai yawa.

Abu na biyu, zaman nan gaba ɗaya a kan yardar mutum ɗaya yake tsaye. Ran da ya ga dama ya daina, babu dokar da za ta kawo shi. A wasu ƙasashe an ɗaure majalisa da wannan nauyi. Tsarin mulkin Kenya na 2010, a sashe na 118, ya wajabta wa majalisa shigar da jama'a cikin aikinta. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ta soke dokoki biyu na fannin lafiya a 2006 saboda majalisar larduna ba ta saurari jama'a yadda ya kamata ba, ta ba da wata 18 a gyara. Waɗannan sun shafi majalisa a dunƙule ne, ba ɗan majalisa da mazaɓarsa ba, amma sun nuna ana iya mayar da sauraro wajibi. Lauyar da ke cikinmu za ta duba ko dokokin zaman majalisa za su iya ɗaukar tanadin zaman mazaɓa a lokacin hutu, mu kai wa wakili a matsayin buƙata a zama na uku.

Kuɗin hayar zaure na zama na uku bai cika ba, za mu sake bin masu ba da gudummawa, da sharaɗin nan na farko. Wasiƙarmu ta neman bayani za a sake aika ta, wannan karon da kwafin amsar da aka ba wakili a manne, tunda ta tabbata takardar tana nan. Magatakarda za ta koma makaranta a watan Satumba, don haka ta fara koya wa mutum biyu yadda ake rubuta alƙawari da yadda ake karanta shi. An tsayar da zama na uku a makon farko na Oktoba, an kuma aika wa ofishin wakili ranar a rubuce.